Baba Gershon, Filetileya

Mahaifina ya yi shekara talatin da ɗaya yana aikin reluwe, amma bai taɓa tuƙa jirgi ba, bai taɓa sayar da tikiti ba, kuma a shekarun nan duka da wuya a ce ya shiga taragon fasinja sau goma. Aikinsa a ƙasa yake, kan dogon kansa. Sunansa Gershon Azariya, mutumin Madakiya ne. Ya zo Kafanchan a 1974 yana ɗan shekara ashirin da uku, bayan ya gama firamare ya yi 'yan shekaru yana noma da ƙanin babansa, aka ɗauke shi cikin masu gyaran layin da ya nufi Kagoro ya hau dutse zuwa Jos.

Su goma sha biyu ne a rukuninsu. Kafin ƙarfe bakwai na safe sun tura turolinsu sun fita, da diga da shebur da guduma da wata sifana mai tsawon hannun mutum. Sukan cire katakon da ya ruɓe a ƙarƙashin dogo su zura sabo, su ɗaure notin da ya kwance, su cusa tsakuwa inda ƙasa ta zauna, su sare ciyawa, su yashe kwalbati. Idan rana ta yi zafi ƙarfen ba ya taɓuwa. Idan damina ce kuma, ruwan Kafanchan ba ya sallama. Da yamma yakan dawo gidanmu na kwatas ɗin reluwe, ya zauna kan benci ya sa ƙafafunsa cikin ruwan ɗumi, ba ya magana sai ya ci abinci.

A katin aikinsa, ƙarƙashin hotonsa, kalma ɗaya aka buga da Turanci: platelayer. Shi da abokansa filetileya suke cewa. Ban taɓa jin ɗayansu ya tambayi ma'anarta ba. Sunan aikinsu ne kawai, kamar yadda wani yake direba wani yake akawu.

Sau ɗaya kalmar ta kusa hana shi aure. Kakana na wajen uwa ya yi aikin kuku a gidan Turawan mishan a Kagoro, yana jin Turanci irin na kicin. Da Baba ya je neman mahaifiyata Patricia, tsohon ya ce a nuna masa takardar aiki. Ya riƙe katin nesa da ido, ya raba kalmar biyu, ya ga plate, wato faranti, a gaba, ya ga layer, wato mai shimfiɗawa, a baya. Ya ce ashe yaron nan jera faranti yake yi wa manya a tebur, aikin da shi ya yi shekara ashirin yana yi bai ga abin da ya ƙare shi da shi ba, don haka ba zai ba da 'yarsa ba. Sai da Baba ya buɗe masa tafin hannunsa ya ga kanta, sannan ya yarda cewa ba faranti ne ya yi wannan ba. Mama ta riƙa ba da labarin nan tana dariya har ta rasu. Baba kuwa murmushi kawai yake yi. Shi a ganinsa, farantin da ake nufi shi ne ɗan faffaɗan ƙarfen nan da ake haɗa dogo biyu da shi a ɗaure da noti huɗu. A kan haka ya zauna shekara hamsin.

Cikin mutum goma sha biyun nan, wanda ya fi kusa da shi Ifediora ne. Ibo ne, amma a Kafanchan aka haife shi, babansa ma ma'aikacin reluwe ne. Sun gudu gabas lokacin yaƙin basasa, ya dawo shi kaɗai a 1971 ya nemi aiki. Ya girmi Baba da shekara huɗu. Bango ɗaya ne ya raba ɗakinmu da nasu. Hausarsa gudu take yi kamar ruwa, sai dai kowa namiji ne a bakinsa, ni ma "kai Jacinta, zo ka ɗauki wannan" yake ce mini har na yi aure. Shi da Baba ba su cika hira ba. Sukan zauna ƙarƙashin mangwaron bayan kwatas su raba gyaɗa, wani lokaci sa'a guda ba wanda ya ce uffan. Baba ya taɓa gaya mini cewa idan mutum biyu suka ɗauki katako ɗaya shekara ashirin, kowa ya san lokacin da ɗan'uwansa zai sauke tun kafin ya faɗa.

Ina makarantar sakandare jirage suka fara raguwa. Daga biyar ko shida a rana aka koma biyu, aka koma ɗaya a mako, daga baya sai a yi watanni ba a ji ƙaho ba. Masu sayar da abinci a tasha suka koma bakin titin mota. Su Baba dai ba su daina fita ba. Suna ɗaure noti a layin da ba abin da ke bi sai awaki da mata masu ɗauke da itace. Ya yi ritaya a 2005, da ciwon baya da gwiwa ɗaya da ba ta lanƙwasuwa sosai. Ya bar kwatas, ya yi ɗan noman citta a Madakiya har ƙarfinsa ya ƙare, sannan bayan rasuwar Mama ya dawo hannuna a Kafanchan. Ni malamar Turanci ce a wata sakandare a nan garin, shekara goma sha tara ke nan. Idonsa na dama ya yi yana, na hagun ma ba ya karanta ƙananan rubutu. Ifediora shi ma bai koma gabas ba. Ya zauna da 'yarsa Adaku, wadda ke da shagon magani kusa da kasuwa, kuma duk ranar Laraba sai ɗayansu ya hau okada ya je wurin ɗayan.

Ifediora ya rasu a watan Mayun bara, bayan kwana tara a asibiti. Da aka gaya wa Baba bai yi kuka ba. Ya ce a ba shi ruwa, ya sha, ya shiga ɗaki ya kwanta da takalminsa.

Bayan mako biyu, ranar Asabar da hantsi, Adaku ta zo da wanta Chinedum. Shi a Abuja yake, yana aiki a wani kamfanin gine-gine, rabona da shi ya fi shekara goma. Suka durƙusa suka gai da Baba. Chinedum ya bayyana cewa za a yi sujadar waƙoƙi, wato taron addu'a na coci, a nan Kafanchan ranar Alhamis, washegari a ɗauki gawa zuwa garinsu. Suna so Baba ya yi magana a madadin abokan aikin marigayin. Sun kuma kawo kwafin ɗan littafin jana'izar da za a buga, don a sa sunansa daidai.

Baba ya miƙo mini takardar ya ce in karanta masa daga farko. Na karanta sunan, na karanta shekarun. A ƙarƙashin hoton an rubuta da Turanci cewa marigayin injiniyan reluwe ne mai ritaya. Na karanta wannan ma, na fassara.

"Sake karanta layin nan," in ji Baba.

Na sake.

"Wane ne injiniyan?"

Chinedum ya gyara zama. "Baba, Daddy ne. Ai aikin injiniya kuka yi, takarda ce kawai ba ku da ita."

"Mun san injiniyoyi," in ji Baba. "Sukan zo a turoli mai inji, da laima. Wasunsu mutanen kirki ne. Babanka ba ya cikinsu. Filetileya ne, kamar ni."

"Na sani, Baba. Na ga katinsa. Amma wa ya san wannan kalmar yanzu? Abokan aikina za su zo daga Abuja, surukaina za su zo daga Onitsha. Idan suka gani za su zaci kwano yake wankewa a kantin tasha. Ni kaina na tambayi mutum uku a ofis, ba wanda ya taɓa jin ta."

"To ka rubuta lebura."

"Haba Baba."

Adaku tana ta naɗe bakin gyalenta a yatsa. Na lura idon Chinedum ya yi ja, irin na wanda ya yi kwanaki yana amsa waya. Ba girman kai na gani a fuskarsa ba. Mutum ne da ya gaji, yana so ya yi wa ubansa abin da zai iya, kuma abin da zai iya ke nan.

Baba ya juyo gare ni. "Jacinta, ke ce malamar Turanci. Gaya masa ma'anar kalmar."

Na san sunan aikin babana ne, na san labarin kakana da faranti, amma ban taɓa dubawa ba. Shekara goma sha tara ina sa yara su buɗe ƙamus. Na shiga ɗaki na ɗauko babban ƙamus ɗina na jami'a, wanda bangonsa ya rabu. Kalmar tana nan, da bayani layi ɗaya: mutumin da ke shimfiɗa layin dogo yana gyara shi, Turancin Ingila. Na duba a waya don in ga inda farantin ya fito. Na karanta, sannan na faɗa musu da Hausa yadda na iya.

Na ce fiye da shekara ɗari biyu da suka wuce, tun kafin a ƙera jirgi mai inji, a wuraren haƙar kwal na Ingila dawakai ne ke jan kekunan kaya. Don kada tayoyi su nutse, sai ake shimfiɗa musu faffaɗan ƙarfe mai ɗan tudu a gefe ɗaya, su bi ta kai. Wannan ƙarfen shi ake kira da kalmar da mu muka sani da faranti, masu shimfiɗa shi kuma aka ba su wannan suna. Daga baya aka daina irin wannan ƙarfen, aka koma dogo irin wanda muka sani, amma sunan ya liƙe wa masu aikin. Turawa suka zo da shi nan. Yanzu ko a can ba a cika faɗarsa ba, sai a tsofaffin littattafai da bakin tsofaffin ma'aikata.

Baba ya saurara da kansa a sunkuye.

"Wato ba ƙarfen haɗa dogo ba ne?"

"A'a, Baba."

"Wato abin da aka sa mana sunansa, an daina shi tun kafin a haifi kakana."

"Haka ne."

Ya ɗago kai. "Kuma dawakai ne."

Chinedum ya ce a hankali, "Ka gani, Baba. Ko su masu kalmar sun bar ta."

Baba bai yi musu ba. Ya miƙa masa takardar, ya ce ubansu ne, su rubuta abin da ya kwanta musu. Sunansa shi dai a sa Gershon Azariya, kada a ƙara komai a gaba ko a baya. Suka yi godiya suka tafi. Ranar bai ci abincin rana ba. Ya zauna a baranda yana murza gwiwarsa, ni kuma na yi ta jin haushin kaina, don na ga kamar da na ce ban samu ba da ya fi.

Ranar Alhamis da ƙarfe huɗu aka fara sujadar, ƙarƙashin rumfuna uku a ƙofar gidan Adaku. Matan zumunta na coci sun zo da kayansu iri ɗaya, 'yan ƙungiyar Ibo na gari sun cika rumfa guda. An raba littafin, mai sheƙi, da kalmar injiniya ƙarƙashin hoton. Aka yi waƙoƙi da Turanci da Ibo, aka yi ɗaya da Hausa. Mai gabatarwa wani mutum ne mai suna Gregory, ɗan cocinsu, bai san Baba ba. Da lokaci ya yi ya ce yanzu za a ji daga bakin abokin aikin marigayi, Injiniya Gershon, minti uku.

Na riƙe hannun Baba har gaban makirufo. Ya sa babbar rigarsa fara ta Kirsimeti. Ya ce zai yi magana da Hausa, wanda bai ji ba ya tambayi na kusa da shi.

"Ni ba injiniya ba ne," ya fara. "Ni da Ifediora dogo muke gyarawa da hannu. Sunan aikinmu filetileya. 'Yata ta duba mini, ta ce tsohuwar kalma ce, ta mutu. To, ba laifi."

Wasu suka yi 'yar dariya, suna zaton raha ce. Ya ci gaba. Ya ce a watan Agusta na 1988 an kwana uku ana ruwa. Da gari ya waye aka tura shi da Ifediora su taka layi da ƙafa, su duba, kafin sauran su taho da turoli. Sun wuce Kagoro kaɗan sai suka tarar ruwa ya cinye ƙasar da ke gefen wani kwalbati. Dogon yana nan a miƙe, daga nesa ba za ka ga komai ba, amma ƙarƙashinsa rami ne da zai haɗiye mota, katakai shida suna lilo a iska. Jirgin fasinja daga Jos kuma yana hanya, yana gangarowa daga dutse. Ba waya a lokacin. Ifediora ya fizgi jar tuta ya ce wa Baba ya koma baya ya tare turolin, shi zai yi gaba. Bai yi nisa ba tafin takalminsa ya ɓalle, ya cire duka biyun ya jefar, ya ci gaba da gudu kan tsakuwa.

Nan Gregory ya matso ya taɓa agogonsa. Baba bai gan shi ba, ta gefen idon da ya mutu ya zo. Ya sake matsowa ya ce a kunnensa, "Baba, lokaci." Baba ya tsaya. Ya nemi inda ya tsaya a labarin bai samu ba.

"To," ya ce. "Jirgin dai ya tsaya. Mutumin kirki ne. Ubangiji ya ba shi hutu, ya gaji."

Aka ce amin, mawaƙa suka ɗauki wata waƙar. Na mai da shi kujerarsa.

Sauran labarin na san shi, don ina 'yar shekara takwas aka kawo Ifediora gida a goye, Mama ce ta dafa ruwan gishirin da aka wanke masa ƙafa. Ya yi gudun fiye da kilomita ɗaya kafin direban ya hango tutar. Fasinjoji ba su san abin da ya faru ba, sun yi ta ƙorafin an ɓata musu lokaci. Rukunin su Baba sun yi kwana huɗu cikin ruwa suna cike ramin. Ifediora ya koma aiki bayan mako biyu, yana ɗingishi.

Da aka tashi, Chinedum ya zo inda muke, ya durƙusa a gaban Baba da littattafan da suka rage a hannunsa.

"Baba, Daddy bai taɓa ba mu labarin nan ba. Ina makarantar kwana lokacin. Tabon ƙafarsa ya ce mana kwalba ce."

"Ba mai yawan magana ba ne."

"An riga an buga littafin."

"Na gani. Ya yi kyau. Hoton ya yi kama da shi."

Chinedum ya ɗan jima a durƙushe, kamar akwai abin da zai ƙara, sai aka kira shi wajen masu motar gawa, ya tashi. Baba bai iya bin su gabas ba, bayansa ba zai ɗauki hanyar ba. Bayan wata huɗu Adaku ta nuna mini hoton kabarin a wayarta. Suna ne kawai da shekaru da aya ɗaya daga Zabura. Ta ce ita da wanta sun yi ta ja-in-ja kan abin da za a sa na aikinsa, har mai sassaƙa dutsen ya gaji da jira, suka ce ya bar wurin haka. Na gaya wa Baba. Ya ce hakan ma daidai ne.

Tun rasuwar Ifediora ranar Laraba ta zame masa wahala. Yakan yi wanka da wuri ya sa hula, sannan ya tuna, ya cire. Wata Laraba na dawo daga makaranta na tarar yana lissafa mutum goma sha biyun da yatsa, yana kiran sunayensu. Goma sun tafi. Saura shi da wani Luke, wanda ya koma garinsu Gwantu tun ritaya, aka ce shanyewar ɓarin jiki ta kama shi.

"Akwai mota zuwa Gwantu kullum?" ya tambaye ni.

"Akwai, Baba, amma hanyar za ta wahalar da bayanka."

"Ki nemi mana kujerar gaba."

Muka tafi ranar Asabar. Sau biyu na roƙi direba ya tsaya Baba ya miƙe ƙafa. Muka samu Luke a kan kujerar roba a inuwar rumbu, surukarsa tana ba shi kunu da cokali. Bakinsa ya karkace, magana ba ta fita. Ya daɗe yana kallon Baba kafin ya ɗaga hannunsa mai lafiya. Aka kawo kujera aka ajiye kusa da tasa. Baba ya gaya masa Ifediora ya rasu, ya gaya masa waɗanda suka zo jana'izar, ya ce ciyawa ta rufe layin Kagoro har ba a ganin ƙarfen. Luke yana gyaɗa kai. Bayan nan Baba ya karɓi kofin daga hannun matar, ya ce ta je ta huta, ya ci gaba da ba shi kunun da kansa, yana goge masa haɓa da bakin tawul.

Da ƙarfe uku na ce masa idan ba mu tashi ba za mu rasa mota. Ya ce in ba shi minti goma. Na koma gefe na zauna da matar gidan, muna ɓare gyaɗa.